Yadda Ake Gano Inda Faks Ya Maƙale Da Saita Gudunsa Har Takarda Ta Wuce

Injin faks ba ya fara tura takarda sai ya daidaita da ɗan'uwansa na can gefen a kan gudun da za su yi aiki da shi. Wannan daidaitawar ita ce fito da kukan da kake ji kafin takarda ta fara shiga, kuma 'yan daƙiƙu kawai take ɗauka. Mafi yawan injinan da ake kira na in duba da sunan sun lalace, lafiyarsu ƙalau. A wurin daidaitawar ne magana take watsewa. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 layukan girke suka yi ta ja baya, don haka faks ɗin da ya rage a ofisoshi yawanci yana rataye ne a akwatin raba layi ko a wayar intanet, ana riƙe da shi saboda abokan hulɗa a Japan ko Jamus, ko asibitocin Amurka da har gobe suke cewa a turo ta faks. Irin waɗannan layukan kuwa su ne suka fi wahalar da injin.

Kayan da za ka tanada

- Injin faks ɗin da littafinsa. In littafin ya ɓata, nemi lambar samfurin a bayan injin ka sauko da shi daga intanet.
- Wayar tarho ta girke, mai igiya, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki.
- Gajeren kebul na waya mai kan RJ11, sabo, wanda bai wuce mita biyu ba.
- Farar takarda A4 da aka buga layi goma zuwa ashirin na rubutu baƙi a kai, ba hoto, ba hatimi.
- Agogo mai nuna daƙiƙa. Na wayar hannunka ya isa.
- Lambar wani faks da ka tabbata yana aiki, da mutum a can da zai gaya maka abin da ya fito.
- Biro da takardar rubuta sakamakon kowane gwaji.

Abin da za ka riƙe a kai kafin ka fara

Ƙa'idar da injinan suke bi sunanta T.30, daga hukumar sadarwa ta duniya, ITU. A ƙarƙashinta injinan suna da murya biyu. Akwai ta magana, mai tafiya a hankali, bit 300 a daƙiƙa, ana ce mata V.21. Da ita suke aika wa juna umarni, kuma saboda rashin saurinta ko layi ya lalace tana ratsawa. Akwai kuma ta ɗaukar hoton takarda, mai sauri, wadda take hawa-hawa (lambobin duk bit ne a daƙiƙa):

- V.27ter: 2,400 da 4,800
- V.29: 7,200 da 9,600
- V.17: 7,200, 9,600, 12,000 da 14,400
- V.34: har 33,600, shi ne ake rubutawa Super G3 a jikin kwali

Mai karɓa shi ke faɗin abin da zai iya. Mai aikawa shi ke zaɓa. Layin da ke tsakaninsu shi ke yanke hukunci. Lambar da aka rubuta a kwalin injin iyaka ce kawai, ba alkawari ba ce.

Mataki na 1: Duba layi kafin ka taɓa injin

Zare kebul daga bayan faks ka soka shi a wayar girken nan. Ɗaga kai, danna lamba ɗaya don sautin layi ya ɗauke, sannan ka kasa kunne. Shiru ake so. In ka ji ƙas-ƙas, akwai tsatsa ko laima a wata mahaɗa, kuma da damina wannan ya fi yawa. In ka ji gurnani mai ɗorewa, igiyar wayar tana bin jikin wayar wuta, ko janareta ne yake shigo da shi. Kashe janareta ka sake saurare, za ka bambance.

Daga nan mayar da kebul, amma ka lura da ramin. A bayan injin rami biyu ne, ɗaya an rubuta LINE, ɗaya EXT ko TEL. Layin bango LINE yake shiga. Kuskuren soka shi a ɗaya ramin ya fi kowanne yawa, musamman bayan an yi shara an ture tebur. Cire duk wani abin raba layi da doguwar igiyar da aka yi wa ɗori, ka sa sabon gajeren kebul. In layin yana ɗauke da intanet ta DSL, dole a sa matacin DSL kafin faks. In akwai tsarin jiran kira a layin, a kashe shi, domin ɗan ƙarar da yake yi idan wani ya kira ta isa ta tsinke shafi.

Mataki na 2: Buɗe lasifika ka shirya shafin gwaji

Shiga jerin saiti ka nemi ƙarar lasifika ko Line Monitor, ka ɗaga ta. Sa ingancin hoto a Standard. Wasu injinan suna rufe lasifika da zarar sun ji ɗan'uwansu ya amsa. In naka haka yake, danna maɓallin Hook ko On-Hook ka buga lambar da hannu, za ka ji farkon maganar, sauran kuma ka bi ta allo da rahoto.

Kada ka ɗaga wata waya da ke kan layin don ka saurara. Ɗagawar tana rage ƙarfin sauti, tana shigo da hayaniyar ɗaki, sai ka jawo matsalar da ba ta nan. In kana son sake ji, ajiye wayar hannu kusa da lasifika ta naɗi sautin.

In layin yana bi ta akwatin raba layi na ofis, sa lambar fita waje, yawanci 9, sannan ka danna Pause kafin sauran lambobin. Ba tare da wannan ɗan tsaikon ba injin yakan zuba lambobi tun layin waje bai buɗe ba.

Mataki na 3: Kira, ka saurari sauti biyu na farko

Da ka buga lamba, injinka zai fara ɗan fito gajere: rabin daƙiƙa yana yi, daƙiƙa uku yana shiru. Sunansa CNG, Hz 1100 ne, ma'anarsa faks ne ke kira. Injinan da suke raba layi ɗaya da waya da wannan sautin suke gane cewa ba mutum ba ne.

Idan na can ya ɗauka, zai mayar da dogon fito siriri na Hz 2100, tsawon daƙiƙa 2.6 zuwa 4. Wannan shi ne CED. Saurare shi da kyau. In miƙaƙƙe ne, injin can na talakawa ne, iyakarsa 14,400. In kuwa ka ji yana ɗan rawa kamar ana kaɗa shi, wannan ANSam ne, alamar injin can yana da V.34.

In ka ji muryar mutum ko ringin da ba ya ƙarewa, ba maganar gudu ba ce. Injin can ba a sa shi ya ɗauka da kansa ba. Kira su a waya su gyara.

Mataki na 4: Saurari mai karɓa yana faɗin abin da zai iya

Bayan dogon fiton za ka ji wani kuka mai kama da kirrr-kirrr. Muryar 300 ce. A ciki injin can yakan turo lambarsa, wadda take fitowa a allonka, sannan saƙo mafi muhimmanci, DIS. A cikin DIS ba ya cewa gudu kaza nake so. Irin modem ɗin da yake da su, wato muryoyin nan masu sauri, yake lissafawa: V.27ter kaɗai, ko da V.29, ko duka har V.17. Yana kuma faɗin faɗin takardar da yake ɗauka, da ingancin hoto, da irin matse bayanan da ya sani, da ko yana da gyaran kuskure.

Yana maimaita DIS kusan kowace daƙiƙa uku har sai an amsa masa. In wajen daƙiƙa 35 suka wuce ba amsa, ya ajiye. To ga abin lura: in ka ji kirrr ɗin nan yana ta maimaituwa, injinka bai ce uffan ba ko kuma yana ci gaba da ɗan fitonsa na CNG, to naka ba ya jin na can. Rage gudu ba zai yi maganin wannan ba, tunda ba a ma kai wurin ba. Ko sautin yana isowa da rauni ƙwarai, ko amsa-kuwwa ce ke rikita shi, abin da ya fi faruwa a kiran ƙasashen waje. Yawancin injina suna da saiti mai suna Overseas Mode ko International. Kunna shi don wannan kiran ka sake gwadawa.

Mataki na 5: Gwajin layi, inda ake yanke gudun

A nan duk aikin yake, don haka ka natsu.

Injinka ya ji abin da na can zai iya. Sai ya duba nasa, ya ɗauki gudu mafi girma da su biyun suka haɗu a kai, ya aika da saƙon DCS da muryar 300: zan turo a 14,400, takarda A4, inganci kaza. Nan take ya juya zuwa murya mai sauri, ya yi ɗan sautin da modem ɗin can zai daidaita kunnensa da shi, sannan ya zuba sifili zalla na daƙiƙa ɗaya da rabi a daidai gudun da ya zaɓa. Wannan zubin sifilin shi ne TCF. A kunne kamar shuuu yake, irin na rediyon da ba ta kama tasha ba.

Na can ya san sifili ne kawai ya kamata su iso. Duk abin da ya ga ba sifili ba, layi ne ya ɓata shi. Sai ya ba da amsa ɗaya cikin biyu. Kamar ciniki ne a kasuwa: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya ce na sallama. CFR ita ce sallamawa, takarda ta fara tafiya. FTT ita ce albarka, sai dai a wannan cinikin ƙasa ake yi ba sama ba. Injinka zai sauko mataki ɗaya, ya sake aika DCS, ya sake zuba sifili. Daga 14,400 zuwa 12,000, zuwa 9,600, zuwa 7,200, zuwa 4,800, zuwa 2,400. In a 2,400 ma an ƙi, sai ya aika DCN ya katse.

Aikinka shi ne ƙirga. Kirrr, shuuu, gajeren kirrr, sannan dogon shuuu: an sallama a tayin farko. Kirrr, shuuu, kirrr, kirrr, shuuu: an sauko sau ɗaya. Rubuta sau nawa aka sauko. In an fara daga 14,400 aka sauko sau biyu kafin dogon shuuu, a 9,600 aka tsaya.

Akwai yanayi na uku da yake ruɗa masu koyo. Injinka ya yi kirrr da shuuu, sai shiru na daƙiƙa uku, ya sake maimaita su, shiru, ya sake, sannan ya katse. Wannan ba saukowa ba ce. Amsa ce ba ta dawowa sam, kuma bayan gwaji uku ƙa'ida ta ce ya haƙura. Sau da yawa hanyar dawowar sauti ce ta lalace, ko akwatin intanet da ke tsakani ya rikice.

Ka kuma san cewa ƙa'idar ba ta ƙayyade yawan kuskuren da za a yafe a cikin sifilin ba, kowane kamfani da ma'auninsa. Shi ya sa layi ɗaya, wannan injin ya sallama a 14,400, wancan ya ƙi. Babban raunin gwajin kuma shi ne gajartarsa. Layin da yake tsabta na daƙiƙa ɗaya da rabi yana iya yin tari a daƙiƙa ta biyar, lokacin da shafi yake tsaka da tafiya. Wannan ne dalilin da ya sa mutum yake rage gudu da hannunsa duk da injin yana da dabarar saukowa da kansa.

In duka injinan biyu masu V.34 ne, ba za ka ji wannan zagayen ba. Bayan fito mai rawa sukan yi musayar gajerun saƙonni a ƙarƙashin ƙa'idar V.8, su auna layin da jerin sautuka, su zaɓi gudu tsakanin 2,400 da 33,600 kai tsaye, ba zubin sifili. A layin girke mai kyau wannan ya fi komai sauri. A layin intanet kuwa shi ne ya fi saurin faɗuwa.

Mataki na 6: Bi shafin har ƙarshe

Danna agogo daga farkon dogon shuuu. Don ka sami ma'auni, ɗauka shafinka bayan an matse shi ya kai bit 100,000. A 14,400 wajen daƙiƙa 7 ke nan, a 9,600 wajen 10, a 4,800 wajen 21, a 2,400 wajen 42. Ka ga bambancin 14,400 da 9,600 bai kai abin da za a yi asarar kira a kansa ba.

Bayan shafi injinka yana cewa akwai wani shafin, wato MPS, ko na gama, wato EOP. Na can ya amsa da MCF in shafin ya iso lafiya. In ya ce RTP, ya karɓa amma a sake gwajin layi. In ya ce RTN, shafin ya lalace, a sake gwaji, kuma a nan ma gudu yakan sauka a tsakiyar kira. Kada ka ɗauka injinka zai sake tura shafin da aka ƙi. Wasu suna yi, wasu wucewa kawai suke yi. Kira mutuminka na can ka tambaye shi ko akwai layukan rubutu da suka tsinke ko suka cakuɗe.

Mataki na 7: Buga rahoto

Buga rahoton aikawa. Duba tsawon kiran, da sakamako, da yanayin da aka yi amfani da shi, inda za ka ga G3 (aikawa ta talakawa), ECM (da gyaran kuskure) ko SG3 (Super G3). Lambobin kuskure kowane kamfani da nasa, sai ka duba littafi. Wasu injinan HP suna da rahoto mai suna T.30 Trace, wanda yake jera saƙonnin nan duka ɗaya bayan ɗaya. In naka yana da irinsa, ka huta da ƙirga da kunne: nemi DCS na ƙarshe kafin CFR, gudun da ke jikinsa shi ne wanda aka yi aiki da shi.

Mataki na 8: Rage gudun farawa

Yanzu ka san inda layin yake tsayawa, sai ka sa injin ya fara daga can. A injinan Canon saitin sunansa TX Start Speed na aikawa da RX Start Speed na karɓa. A HP Fax Speed ne: Fast shi ne 33,600, Medium 14,400, Slow 9,600. A Brother ana ce masa Compatibility: High, Normal, da Basic wanda yake saukar da gudu zuwa 9,600 ya kuma kashe gyaran kuskure.

Tsarin da nake bi shi ne in fara kashe V.34, wato in sa 14,400, in gwada sau uku da shafi ɗaya. In ɗaya ya faɗi, in sauka 9,600. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko ya yi nasara bai san me ya gyara ba.

In matsalar wurin karɓa ce, gudun karɓa za ka rage. Abin da wannan yake yi shi ne ya sa injinka ya ɓoye manyan modem ɗinsa a cikin DIS, sai mai aikawa ya taya ƙasa tun farko. Mutane da yawa suna rage na aikawa su zauna suna jiran karɓa ta gyaru.

Ban cika son sauka ƙasa da 9,600 ba. Kira yana ƙara tsawo, kuma a layin da yake tsinkewa jefi-jefi, dogon kira ya fi haɗuwa da tsinkewar. In sai a 4,800 takarda take wucewa, layin ne ke neman gyara, koma mataki na 1. Haka kuma ka bar inganci a Standard in ba dole ba. Fine yana ninka layukan hoton, daga 98 zuwa 196 a kowane inci, bayanan da za a tura su ƙaru sosai.

Mataki na 9: Gyaran kuskure, a bari ko a kashe

Da ECM a kunne, ana yanka shafi gunduwa-gunduwa, kowace bayit 256 ko 64. Mai karɓa ya lissafa waɗanda suka lalace da saƙon PPR, a sake turo su kaɗai. In aka nemi gyara sau huɗu a kan rukuni ɗaya, mai aikawa yana iya aika CTC ya ci gaba a gudu na ƙasa. Takarda takan fito tsaf, amma a mummunan layi shafi ɗaya yana iya cin mintuna, ko kiran ya mutu.

Shawarata a bar shi a kunne, a fara da rage gudu. Kashe shi ya zama na ƙarshe, kuma ka san farashinsa: V.34 ba ya aiki sai da shi, haka matsi mai ƙarfi irin MMR da JBIG, sannan shafi zai iya isa da 'yan layuka a goge ba tare da injinka ya yi ƙorafi ba. In takardar banki ce ko ta magani, inda lamba ɗaya take da nauyi, lallai a kira a tabbatar an karanta daidai.

Mataki na 10: In layin na intanet ne

In faks ɗinka yana soke a ƙaramin akwatin ATA, mai haɗa wayar girke da intanet, ko a bayan rauta, akwai saitin da ba a jikin faks yake ba. Shiga shafin saitin akwatin, ko ka kira kamfanin da ya ba ku layin, ka nemi waɗannan.

Na farko, tsarin matse murya. G.729 yana matse sauti zuwa kilobit 8 a daƙiƙa, an yi shi ne don muryar mutum, kuma yana dagargaza sautin modem. G.711 ake so, mai kilobit 64. Na biyu, a kashe saitin da yake daina aika sauti idan ya ji shiru, sau da yawa an rubuta VAD ko Silence Suppression. Na uku, a tambaya ko suna da T.38. Wannan ƙa'ida ce ta 1998 wadda akwatin yake fassara sautin faks zuwa bayanai, ya tura ta intanet har da maimaici, akwatin can ya mayar da shi sauti. In ɓangarorin biyu suna da ita, a kunna. In ɗaya ne kawai yake da ita, a kashe a zauna kan G.711, domin alamar rabin T.38 ita ce kiran da yake mutuwa daidai bayan dogon fiton nan na farko. Akwatuna da yawa masu T.38 ba sa wuce 14,400, don haka V.34 a kashe yake zama a irin wannan layin.

Lokacin gwaji a dakatar da saukar da manyan fayiloli da kallon bidiyo a ofis. In faks ya wuce a lokacin amma ya faɗi da rana tsaka, cunkoson intanet ne, sai a sa rauta ta ba akwatin waya fifiko.

In duk wannan bai yi ba, ko babu layin girke a unguwar gaba ɗaya, kada ka ɓata lokaci da akwatin da ake sa wa layin salula, domin hanyar murya ta salula matsatsiya ce, sautin faks ba ya ratsa ta. Ɗauki hoton takardar da sikana ka mayar da ita PDF, ka tura ta ɗaya daga cikin kamfanonin da suke karɓar imel su isar da shi ga lambar faks. Modem ɗinsu ne zai yi daidaitawar da injin can a kan layinsu. Ka tabbata PDF ɗin baƙi da fari ne, girman A4, kuma rubutun bai yi ƙanana ba, sannan ka jira rahoton isarwa kafin ka ce wa mutanen can an turo.